Elizabet Mai Cuta Biyu

A layin masu gyaɗa na kasuwar Mubi babu wanda bai san bakin Elizabet Vandi ba. Gajeruwa ce, mai fara dariya tun kafin ta kai ƙarshen zance. Mijinta ya rasu 'yarsu Jessica tana goye, bayan jana'izarsa kuma aka gwada ta aka ce tana ɗauke da ƙanjamau. Ta sha kukanta har ta gaji, sannan ta wanke fuska ta kama shan magani. A ƙungiyar masu cutar da ke taruwa a asibiti, ita ke tarbar sababbin zuwa. In ta ga mutum ya shigo kai a sunkuye sai ta ce, "Ɗago kai, ɗan'uwa. Mu duk nan an daɗe da binne mu a bakin mutane, ga mu kuma muna cin tuwo."

Shekaru suka wuce lafiya, sai ƙafarta ta hagu ta fara ja. Wata rana idonta ɗaya ya dushe, wata rana mudu ya suɓuce mata gyaɗa ta watse. Abin yakan tafi ya dawo, ya fi tsananta in rana ta yi zafi. Duk wanda ta kai wa kuka, har a asibiti, sai ya ce ai cutarta ce.

"Tawa na san ta, mun daɗe tare," in ji ta. "Wannan wata ce daban."

Ranar da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi a 2014, ƙafar ta ƙi ɗaukarta sam. Maƙwabcinta Hammanjoda, mai shagon hatsi, ya ɗora ta a baro ya kama hanyar Maiha, Jessica na biye da ƙullin kaya. Elizabet ta ɗaure magungunanta a bakin zane. Da ta ga 'yarta na shirin fashewa da kuka, sai ta ɗaga murya.

"Malam Hamman, a hankali mana! Ba buhun masara ka ɗauko ba."

"Maman Jessica, buhun masara ai ba ya surutu," ya ce yana haki.

Haka suka yi ta yi har suka sami babbar mota da ta kwashe su zuwa Yola.

A sansanin 'yan gudun hijira ta haɗu da wata likita, Dakta Rukayyat, wadda ta zauna ta saurare ta har ƙarshe. Da taimakon cocinsu aka kai Elizabet Kano, aka sa ta cikin wata na'ura mai ƙara aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Da sakamako ya fito, Dakta Rukayyat ta ce sunan cutar multiple sclerosis: jiki ne ke cin rufin jijiyoyinsa da kansa. Elizabet ta gwada faɗin sunan, harshe ya ƙi, ta yanke shi ta ce Malti.

"To, Likita, me masu bincike suka gano a kan masu Malti da ƙanjamau tare?"

"Kaɗan ne ƙwarai, Mama. Shi ma yawancinsa a ƙasashen waje aka yi."

"Ashe ni kayan marmari ce! To ga ni. Ku bincika ni."

Likitar ta yi dariya, ba ta san ta jawo wa kanta ba. Bayan Elizabet ta koma Mubi, waya ba ta huta ba. Ƙafa ta motsa, ta kira. Yatsa ya yi sanyi, ta kira. In ba a ɗauka ba sai ta ari wayar Hammanjoda, don likitar ba ta san lambar ba. Daga ƙarshe Dakta Rukayyat ta haƙura ta fara tattara bayananta da gaske, ta kuma haɗa ta da wani likitan jijiyoyi.

Maganin Malti dai bai samu a Mubi ba. Abin da ta samu sandar dogarawa ce, da shawarar ta riƙa jiƙa ɗankwali in zafi ya taso. Da wasu baƙi daga wata ƙungiyar agaji suka zo taron masu ƙanjamau, aka ba kowa damar magana sau ɗaya. Elizabet ta yi tata, ta zauna, ta sake miƙewa.

"Mama, ai kin yi," in ji shugaban taron.

"Waccan ta ƙanjamau ce. Yanzu Malti ke magana."

Ta zayyana alamun cutar ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wanda ya san mai irinsu ya turo mata. Labarin ya bi bakin 'yan kasuwa har Belel, inda wata mata mai suna Hapsatu ta daɗe tana shan hayaƙi da rubutu don an ce aljanu ne suka riƙe mata ƙafa. Mijinta ya kawo ta, Elizabet ta tura su wurin likitar, gwaji ya nuna ita ma Malti ce.

Da Hapsatu ta dawo ta zauna a rumfar gyaɗa tana hawaye. Elizabet ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta jiƙa ɗankwali ta ɗora mata a ka.

"Daga yau mun zama ƙungiya, 'yar'uwa. Ni ce shugaba, ke ce mataimakiya."

Hapsatu ta share ido. "Su wa za mu shugabanta?"

"Malam Hamman," in ji Elizabet. "Bai sani ba tukuna."