Tsohon Man Birki a Zauren Malam

Har gobe ban manta da wata Laraba bayan girbin gyaɗa ba. Ku da kuke koyon tuƙi yanzu, ku saurara.

Lokacin ni ne direban wani malami a Gaya, ni ne kuma bakanikensa. Motar tsohuwar jif ce, ta ci hanya har mitarta ta gaji ta daina ƙirga. Ba ma kai ta gareji, a ƙofar gida nake kwance ta in ɗaure.

Ran nan birki ya yi laushi, na ce bari in canza mai. Ƙa'idar ita ce a ɗaga mota, a cire taya, a tatse tsohon mai tas, sannan a zuba sabo. Tsohon ya fito baƙi ƙirin. Na tara shi a robar ruwa, na ajiye a zaure don kada awaki su ture, na tafi sallar azahar.

To, a zauren nan Malam yake jera robobin rubutun sha na masu lalura. Wannan ko kaɗan bai zo mini a rai ba.

Bayan la'asar na ɗauko robata zan zubar. Ina buɗewa na ji ƙamshin tawada. Rubutu ne a ciki, ba mai ba.

Na ce, “Allah gafarta Malam, wa aka ba rubutu yau?”

Ya ce, “Habu na Toranke, ya karɓa wa mahaifinsa mai ciwon ƙirji. Lafiya?”

Na miƙa masa robar. Ya shinshina, ya dube ni, ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ilu, ta da mota.”

Ina mota? Tana kan jak, taya biyu a cire, babu birki. Wayar Habu a kashe. Na ari babur na goya Malam, mutumin da ya shekara ashirin bai hau babur ba. Wallahi ban san yadda muka isa ba.

Muka tarar da tsohon a kan tabarma yana ta amai. Ya sha kurɓi biyu. Muka nemi mota aka kai shi asibiti, ni riƙe da robar ina yi wa likita bayani. Kwanansa huɗu, Allah Ya tashi kafaɗarsa.

Da na je neman gafara, na kasa haɗa ido da shi. Na ce, “Baba, ba ka ji ɗanɗanon ba daidai ba?”

Ya ce, “Na ji mana, ɗan nan, tun kurɓin farko. Amma daga hannun Malam ya fito, shi ya sa na ƙara.”

Nan na zauna na yi kuka, ba kunya.

Tun daga ranar ban sake zuba man mota a abin da ake shan ruwa ba. Mutanenmu ba sa binciken abin da ya fito daga hannun wanda suka yarda da shi, haɗiyewa suke yi. Haka suke shiga motarku ma, babu mai tambayar ku birki.