Azumin Litinin a Cikin Kwazazzabon Amurka

Assalamu alaikum edita, tare da masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina jinjina kai, yau dai ga nawa, kuma ba zan kama sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru ni mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ina da shagon kayan kicin kusa da kasuwar Gudu a Abuja. A kasuwa an san ni da baki, ba dillalin da yake cin nasara a kaina. Amma a gida abin da nake taƙama da shi bai wuce a ce ban taɓa yi wa maigidana musu ba. Idan ya ce ga yadda za a yi, to an gama magana, kuma ba don tsoro ba, don yawanci gaskiyarsa ce.

Maigidan nawa ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai tsari da kamun kai, wanda har yau ban ga na biyunsa ba. Tun da mahaifinsa ya rasu ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis, bai taɓa ajiyewa ba, ko da taro a ofis ko da biki a dangi. Ni kuma na ɗora wa kaina wata al'ada da na gani a wurin mahaifiyata: ranar da yake azumi ba na ci ba na sha a gabansa. Sai na shiga kicin na juya baya. Bai taɓa ce min in yi haka ba, ina jin bai ma lura ba. Ranar Asabar kuwa shi da abokansa sukan hau duwatsun bayan Mpape don motsa jiki, wani lokaci in bi su. Yana da hawan jini, yana shan magani kullum, amma sai ka ga ya bar samari a baya suna haki, ya tsaya a sama yana tsokanarsu wai 'yan shayi da burodi.

Babbar 'yarmu ce ta gama karatu a Amurka, muka je bikin yaye su. Bayan biki ta ce ta shirya mana kyauta, tafiya mu biyu zuwa babban kwazazzabon nan da ya yi suna a duniya, wanda gwamnatinsu ta killace don masu yawon buɗe ido. Ita ba za ta samu zuwa ba saboda tana haɗa kayanta. Ni dai da na ji an ce kwazazzabo, abin da ya zo min a rai shi ne irin wanda ruwa yake zaizaya a bayan gari, har na ce a raina yarinyar nan ta rasa inda za ta kai mu sai rami.

Mun isa ranar Lahadi da yamma. Daga inda mota ta ajiye mu muka bi wata 'yar hanya cikin itatuwa, ba wata alama, sai kawai muka ga ƙasa ta ƙare a gabanmu. Wallahi ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba, abin da ban taɓa yi a bainar jama'a ba. Rami ne wanda ido ba ya kai ƙarshensa, cikinsa duwatsu hawa-hawa, wani ja, wani ruwan goro, wani fari, na can nesa shuɗi-shuɗi. Da za a ɗauko Dutsen Zuma a jefa a ciki sai an yi cigiyarsa. Can ƙasa akwai kogi, daga sama kamar zare. Rana tana sauka launin yana sauyawa, inda yake ja ɗazu ya koma jawur, inuwa tana hawowa a hankali. Mutane sun cika wurin, kowane iri, amma kowa ya rage murya. Na juya in yi wa maigidana magana sai na ga leɓensa yana motsi, hawaye yana bin gemunsa. Ko a rasuwar mahaifinsa ban ga hawayensa ba. Na ƙara son sa a wannan yammacin, kuma a nan muka yanke cewa gobe sai mun sauka ciki mun gani da kyau.

Washegari Litinin. Ya tashi ya yi sahur da ɗan abin da muka samu a masauki, ya haɗiye maganinsa. Na tuna masa a hankali cewa shi matafiyi ne, kuma nafila ce. Ya yi murmushi ya ce ai ba tafiyar dole ce ta kawo shi ba, kallo ya zo, kuma bai ga ranar da ta fi cancanta da godiya ga Allah ba irin ranar da zai shiga cikin wannan aya. Amsar ta burge ni, na yi shiru. Da nake haɗa jaka na saka gorunan ruwa da yawa, ya zo ya ɗaga ya ce wannan nauyi na mene ne, tunda ni kaɗai ce zan sha. Ya bar min guda. A bakin hanyar sauka akwai allon gargaɗi da zanen wani mutum ya durƙusa yana amai. Ya yi dariya ya ce wannan na Turawa ne da ba su san rana ba, shi da ya yi noma da azumi a zafin bazara tun yana yaro. A lokacin ma sanyi ake yi a sama, har da rigunan sanyi a jikinmu.

Saukar nan ba zan manta daɗinta ba. Hanya ce siririya da aka sassaƙa a jikin dutse, tana lanƙwasa tana komowa. Duk kwanar da muka sha sai wani sabon abu ya buɗe, launin ƙasar da muke takawa ma sauyawa yake yi. Mun raɓe wa ayarin alfadarai sun wuce da mutane a kai. Wani ƙaton tsuntsu ya yi ta shawagi a ƙasa da mu, mu da muka saba ɗaga kai mu ga tsuntsu. Masu hawowa kuwa fuskokinsu a yamutse, ba mai iya amsa gaisuwa, har muna jin tausayinsu. Muna ƙara nisa zafi yana ƙaruwa, muka cire rigunan sanyi. Abin da ya ruɗe ni shi ne ba gumi a jikinmu ko kaɗan. Ashe iskar wurin ce busasshiya, tana shanye gumin tun bai taru ba. Ƙishi ya fara damuna, amma hanya ɗaya ce, yana gabana ko yana gefena, ba kicin ɗin da zan shiga. Na bar gorar a jaka. Da ya ce ko mu juya, ni ce na nuna wani tudu a gaba na ce mu ƙarasa can tukuna, don ban ƙoshi da kallo ba.

Sai da muka juya muka ɗaga kai sannan na gane abin da muka jawo wa kanmu. Bakin ramin da muka baro ya koma can sama kusa da gajimare. Duwatsunmu na Abuja da hawa ake farawa, lokacin da mutum yake da ƙarfinsa, in ya gaji ya gangaro gida. Nan kuwa daɗin aka ba mu da farko, wahalar tana jiranmu da tsakar rana. Ba mu yi nisa ba ya fara tsayawa yana dafe cinya, ya ce jijiya ce ta riƙe. Can sai ya tambaye ni ko direba ya kawo motar, alhali direbanmu yana Abuja. Na taɓa wuyansa na ji zafi rau, fatar a bushe. Ya zame ya zauna a jikin dutse. Na ciro gorar na miƙa masa, ya kau da kai ya ce saura kaɗan a kira magariba, ga rana a tsakiyar ka. Na durƙusa na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ambaci 'ya'yanmu ɗaya bayan ɗaya, bai ko kalli gorar ba. Ni kaina a lokacin duwatsun sun fara juya min.

Ban san daga inda muryar ta fito ba, irin wadda nake yi wa dillalai ce. Na ce, “Alhaji, wallahi ko ka sha ko in ɗura maka. Allah bai ce ka kashe kanka ka bar ni a ramin nan ba.” Ya ɗago ya dube ni, ya dubi gorar, ya ga a cike take ko murfin ba a ɓalle ba. Kamar hankalinsa ya ɗan dawo, ya ce, “Ke ba ki sha ba? Tun safe?” Na girgiza kai. Sai ya ce in fara sha. Na kurɓa na miƙa masa, ya yi bismilla ya sha. Na tabbata ba don kansa ya karya azumin nan ba, tsoron abin da zai same ni ne ya sa shi.

Gora ɗaya ba ta isa komai ba. Allah ya jeho mana wata dattijuwar Baturiya mai furfura, da sanduna biyu da ƙatuwar jaka, cikin masu aikin sa kai da suke zagaya hanyar don irinmu. Ba ta tsaya dogon tambaya ba. Ta taya ni muka ja shi inuwa, ta juye masa ruwa a ka da riga, ta yi ta yi masa fifita da hularta, ta ba mu wani ruwa mai gishiri-gishiri, ta kira ma'aikatan wurin ta rediyon hannunta. Da na gaya mata azumi yake yi, ba ta yi mana kallon marasa hankali ba. Ta ce tana girmama mai ibada, amma ta ga ƙarti 'yan wasanni sun faɗi a daidai wannan wuri da ruwa a cikinsu. Ta zauna da ni a ƙasa tana riƙe da hannuna har aka zo aka ɗauke shi. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

A asibiti aka ce zafin da rashin ruwa, ga kuma maganin hawan jinin da ya sha da asuba, sun taɓa masa ƙoda. Ya rayu, alhamdu lillahi, muka dawo gida. Sai dai ƙodar ba ta koma yadda take ba. Da watan Ramadan ya gabato likitansa a nan Abuja ya ce kada ya kuskura ya yi azumi, malaminsa ma ya ce ya bi maganar likita ya ciyar. Mutumin da ya ƙi ajiye nafilar yini ɗaya, ga shi farilla ta wata guda ta wuce shi yana kallo. Bai taɓa ɗora min laifi ba. Har gobe idan baƙi suka tambaye shi labarin wurin sai fuskarsa ta washe, ya ce duk mai hali ya je ya ga ikon Allah. Ni ce dai nake kwana da sanin cewa na ga kuskuren tun a ɗaki, na yi shiru don amsarsa ta yi min daɗi.

Shawarata ga masu tafiya ita ce, ƙasar da ba taku ba ku saurari gargaɗin masu ita, ranarmu ba ta koya mana tasu ba. Sauƙin da Allah ya yi wa matafiyi kuma ku karɓa hannu biyu, ya fi mu sanin jikin da ya halitta. 'Yan'uwana mata, kara tana da kyau, amma idan kin ga lafiyar mijinki cikin haɗari ki buɗe baki tun kuna gida, ko da ransa zai ɓaci. Ni na buɗe nawa, amma a makare. Bana ma likita bai ba shi izinin azumi ba. Duk asubar da na tashi sahur shi ma sai ya tashi, ya zo ya zauna kusa da ni, ya zuba min shayi, ya tura min faranti gabana, shi kuma ya naɗe hannunsa har a kira salla.