Ranar da Kawu Ya Fassara Mini Tsawa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, malamin sakandare ne a Damagaram kafin ya zo umra ya zauna. Faransanci da Latin yake koyarwa, amma a Jidda ba mai ɗaukar malamin da ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Sai ya kafa tebur a kasuwar Balad yana sayar da asuwaki da carbi, yana kwana a gidanmu na unguwar Hindawiyya.

Ina da shekara goma sha bakwai lokacin. Wata la'asar na biyo ta Balad da ƙawata, wata Balarabiya 'yar ajinmu, sai ruwa ya sauko, abin da kan yi shekara ba a gani ba. Muka fake a rumfar da teburinsa yake. Aka yi wata tsawa har ƙawata ta riƙe hannuna, shi kuwa fuskarsa ta washe.

"Ɗiyata," ya ce, "mutanen Rum na da suna ce wa wannan tonitrus. In za ki siffanta abu da ita, sai ki ce tonitrualis, wato na tsawa. Namiji da mace duk haka ake faɗa. Amma suna da jinsi na uku, ba namiji ba, ba mace ba, shi sai a ce tonitruale."

Ya jawo kwali yana rubuta mini haruffan.

Ƙawata ta tambaye ni da Larabci wane ne wannan, me kuma yake ta faɗa. Na dubi tsohuwar rigarsa, na ce, "Wani ɗan unguwarmu ne, kansa ba daidai ba."

Na manta ya fi ni Larabci. Ya ajiye biron, ya tura kwalin ƙarƙashin tebur, ya miƙa wa ƙawata asuwaki biyu.

"Halas, shi ke nan," ya ce da Larabci, "ruwa ya tsagaita, ku je kada a neme ku."

Bai canza mini fuska ba a gida, sai dai bai ƙara koya mini komai ba. Kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri. Da shekara ta zagayo aka kama shi ba takarda, aka mayar da shi gida Damagaram. Sau biyu muka yi waya, ban wuce gaisuwa ba.

Ranar da labarin rasuwarsa ya zo na faɗa wa mahaifiyata abin da na yi. Ta ce, "Bai taɓa gaya mini ba." Ta tashi ta ɗora wa masu ta'aziyya shinkafa.