Ƙwaryar Da Gwadabe Bai Buɗe Ba

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Dutse da Kiyawa a wancan zamani ya san tsoho Gwadabe, kuma ba da yabo aka san shi ba. Hali ɗaya ne ya ɓata masa suna. In ya shiga zauren mutum ya ga ƙwarya ko akushi a rufe, tun ba a gama amsa sallamarsa ba zai kai hannu ya ɗaga faifai ya leƙa. Mata suka sa masa Buɗe-faifai, aka yanke masa hukuncin kwaɗayi. Mutane ke nan, ba wanda ya lura cewa ba ya ci, leƙawa kawai yake ya mayar.

Abin haushin, a samartakarsa babu mai kunya da kara irinsa a duk yankin. Manomi ne, a hannun kakarsa ya tashi, ita ta ɗora shi a kan ladabin mutanen da. In ya haɗu da mace da kaya a ka, shi ke ratsewa cikin ƙaya ya ba ta hanya. Bai taɓa kallon fuskar matar wani ba. Da ya yi aure na fari matar ta rasu wajen haihuwa, ya daɗe bai sake neman kowa ba, sai da Allah ya haɗa shi da Rabi'atu.

Rabi'atu bazawara ce, mijinta ya mutu ya bar ta da 'yar ƙaramar yarinya, Mu'minatu, ta dawo gidan ubanta Malam Lado. Ba wanda ya tilasta ta, ita ta ce ta ji ta gani. Gwadabe kuwa ya shiga neman aure yadda aka koya masa. Da damina ya yi wa Malam Lado noma bai ko kurɓi ruwan gidansu ba. Ranar kasuwa bayan la'asar yakan zo zance, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zauna a zaure yana fuskantar waje. Ita ta zauna a ƙofar ciki, bayansa. Ta ajiye masa ƙwaryar fura rufe da faifai, shi kuma ya taɓa gefen ƙwaryar ya ce, "Madalla, na gode." Ai mai neman aure ba ya ci a gidan surukai. A ƙarshen hira ta ɗauki abarta ta koma ciki.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta yi daraja. Mutane da yawa suka rage gero suka cika gonaki da gyaɗa, har da Malam Lado. Samari suka soma zuwa birni dako, su dawo da baki a buɗe. Cikinsu akwai Muntaka, wanda shi ma yake son Rabi'atu. Shi in ya zo zance gaba da gaba yake zama, ya kira sunanta gatsal, ya shanye furar ya ce a ƙaro. Dattawa suka ce wannan ita ce lalacewar zamani. Malam Lado ya ce ko kaza ba zai ba shi ba, Muntaka ya yi fushi ya koma Kano.

Sai ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi kai ba. Aka shiga yunwar nan da ake kira Kakalaba. Kafin bazara mata sun koma tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, ana daka ƙwallon goruba, ana dafa tafasa ba gishiri.

Gwadabe na cikin 'yan kaɗan da ke da abin kaiwa baka, don bai bi gyaɗa ba, kuma yana da tsohon gero a rumbu. Wannan rumbun kuwa ya rufe shi, ya ajiye da sunan Rabi'atu. Ya ce shi amarya za ta tarar, ba zai kawo 'yar mutane gidan yunwa ba. Shi kansa ganye yake ci don kada ya taɓa. Abokai suka ce ya hanzarta a ɗaura aure, ya ce a'a, sai kaka. Ya matsa wa surukai a shekara irin wannan, a ce ya ga sun rasa ne ya zo ɗauka a arha? Ya kai musu hatsi kuwa ba su tambaya ba, wannan a ganinsa cin fuska ne, kamar ya ce dattijon ya kasa riƙe gidansa.

Kuma me zai sa ya kai? Duk ranar da ya durƙusa ya gai da Malam Lado, amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, sai godiya." Duk ranar kasuwa kuma ga ƙwaryar fura an ajiye masa. Yakan ce a ransa, gidan da har yanzu ake dama wa baƙo fura ai da sauransu.

Malam Lado ya riga ya ja wa 'yarsa kunne a ciki. Ya ce in ta buɗe baki ta roƙi mai nemanta ko tsaba ɗaya, bai yafe ba. Don haka abin da ta iya kawai ta yi.

"Malam, yau dai ka ɗan taɓa furar nan mana," in ji ta wata rana.

"Haba, a ƙoshe nake."

"To ko buɗewa ka yi ka gani."

Ya yi murmushi, kansa a sunkuye, yana zaton zolaya ce irin ta masoya. "So kike a ce Gwadabe ya zama Muntaka?"

Can ta ce, "Ka juyo ka dube ni, don Allah."

Bai juyo ba. Ya ji muryarta ta yi ƙasa, ya ɗauka kunya ce, har abin ya ƙara masa sonta. Ina ma a ce an sami wanda zai kai masa rankwashi a wannan rana!

Da ruwan farko ya sauka Muntaka ya dawo daga Kano, ya biya ta gidan don tsokana. Rabi'atu ta ajiye masa ƙwaryar nan, ya fizge faifai kamar yadda ya saba. Ya dubi ciki, ya ɗago ya dubi Rabi'atu. Sai ya fita da gudu. Kafin rana ta yi sanyi ya dawo da dawa a ka, ya kutsa har tsakar gida ba izini, Malam Lado na yi masa tsawa, shi kuwa Muntaka yana cewa, "Baba, ka zage ni daga baya, a ɗora tukunya tukuna." An ɗora, amma Mu'minatu ta riga ta wuce shan kunu. Washegari aka binne ta.

Gwadabe ya ji an ce zazzaɓi ne, haka Malam Lado ya faɗa wa jama'a. Bayan an share makoki ya zo yi wa Rabi'atu gaisuwa, ya zauna inda ya saba. Wannan karon ta zagayo ta gabansa ta tare ƙofa, ta dire ƙwaryar a ƙafarsa. Dole ya gan ta. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, idanu sun faɗa, awarwaro ya zame har gwiwar hannu.

"Buɗe," ta ce.

Ya ɗaga faifan. Ƙwaryar a bushe take ƙamas, har ta tsage, gizo-gizo ya yi saƙa a gindinta.

"Tun sanyi haka nake kawo maka ita," in ji Rabi'atu. "Baba ya ce a riƙa kawowa, ai ya san kai mai ladabi ne, ba za ka buɗe ba. Kullum ina zaune a bayanka ina roƙon Allah ya sa ka yi rashin kunya sau ɗaya."

"Ina da gero," ya ce. "Rumbu guda. Naki ne, don ke na ajiye."

"Na sani. Kowa ya sani. Mu'minatu ma ta sani, takan tambaye ni yaushe za mu koma gidan mai gero."

Da kaka ta auri Muntaka. Ba wani mutumin kirki ba ne can, yana da faɗa, ga baƙar magana, amma ta zauna da shi har mutuwa ta raba. Gwadabe kuwa tun ranar da ya buɗe ƙwaryar nan ya fasa rumbun, ya raba wa unguwa, bai kuma sake neman aure ba. Tun daga nan ya zama Buɗe-faifai. In ya leƙa ya ga abinci sai ya rufe ya ci gaba da gaisuwa. In ya ga wayam sai ya tashi ba sallama, an jima ka gan shi tafe da gero, ya shige har madafa yana kallon matan gida ido cikin ido.

Bayan ya tsufa tukuf wata amarya da ba ta san labarin ba ta kama shi yana ɗaga mata faifai, ta ce, "Kai Baba, ba ka jin kunya?"

"Na ji, 'yata," ya ce. "Na ji wadda ta ishe ni."

Ya leƙa ƙwaryar, ya ga da tuwo, sannan ya rufe.