Ƙafar Mutalli

Duk wanda ya ce muku ya ji ganga alhali bai ji ta Sajawal ba, gwangwani ya ji. A garinmu, can ƙasar Jhang inda kogi ke lashe gonakin mutane duk damina, in Sajawal ya rataya gangarsa ya ɗora mata sanda, ɓauna mai ciki sai ta haihu ba lokacinta ba. An ce a wani biki har kurman garin ya fito yana roƙo a rage. Ni dai ban gani ba, amma wadda ta ba ni labari ba ta ƙarya sai ranar kasuwa.

Gangar nan ta kai maraƙi nauyi. Tun yana saurayi yake rataye ta a wuya, ya banƙare, ya yi ta juyi da ita kamar katantanwa, har furfura ta cinye masa gashin baki. Biki nasa ne, kokawa tasa ce, tashin sahur ma nasa. Gida ɗaya ne tak bai taɓa yi wa kiɗa ba, gidan ƙanensa Mutalli, mai saƙa gadon igiya, wanda katanga ɗaya ce ta raba su.

Shi Mutalli da ƙafa ya fito duniya. Uwarsu ta sha naƙuda har ta gaji, shi ya shigo, ita ta fita. Sajawal a lokacin ya yi wayon da zai tuna ƙamshin mayafinta, kuma bai taɓa yafewa ba. Ya tashi yana kiran yaron Juyayye. Shi kuwa yana biye da shi, "Lala, Lala," yadda ƙane ke kiran wansa a wajenmu, a kore shi ya dawo kamar ƙuda. Haka suka girma, suka yi aure a tsakar gida ɗaya. Ranar da aka binne ubansu, ana zaman makoki, gardama ta tashi a kan wata magarya da ko akuya ba ta damu da ita ba. Sajawal ya miƙe a gaban mutane ya ce:

"Ƙafar da ta kashe mini uwa ba ta ƙara taka mini tsakar gida. Kuma ko mutuwa zan yi, ba ta taɓa jikina."

Washegari Mutalli da kansa ya kwaɓa ƙasa ya ja katangar. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu har sun yi gemu, kuma kalma ɗaya ba ta tsallaka katangar nan ba. Ko sunan Mutalli ba a faɗa a gidan Sajawal.

To ga inda Allah ya ajiye abin dariyar. A wajenmu kowa ya san ƙafar wanda ya fito a juye magani ce. Mai ciwon baya zai zo shi kaɗai bayan sallar asuba, ya dafa ƙyauren gidan, ya juya baya, a ɗan shure shi a ƙugu. Babu sallama, babu magana, babu godiya, babu waiwaye har ya isa gida. In ya yi ɗaya daga ciki, maganin ya karye. Ƙafar Mutalli ta shuri rabin lardin nan. Ta shuri limami, ta shuri ɗan sanda, ta shuri mai gonar da yake yi wa ƙodago, kuma an ce ranar ya ɗan ƙara ƙarfi.

Kada ku ce gangar ce ta kayar da Sajawal. Atishawa ce. Ya sunkuya zai ɗauki takalminsa a ƙofar masallaci, atishawa ta zo, ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. A doro aka kai shi gida kamar buhun alkama. Kafin azahar ciwon ya sami hanya. Ya taso daga ƙugu ya bi ɗuwawu, ya gangara bayan cinyar hagu, ya ratsa sha-raɓa, ya je ya zauna a babban yatsa, kamar an zura masa waya daga wuta ana ja a hankali. In ya zauna ihu, in ya tsaya ihu, in ya yi tari sai ya kira sunayen waliyyan da ba a haifa ba tukuna.

Matarsa Bakto ta gasa bulo ta naɗe a tsumma, ta soya tafarnuwa a mai ta shafe shi har karnuka suka daina bi ta layin. Wanzami ya yi ƙaho. Aka kawo wani tsohon ɗan kokawa mai ɗori, ya hau bayansa yana tattakawa kamar mai kwaɓin gini, ya sauka ya ce an gama. An kuwa gama, don ranar ko juyi Sajawal bai iya ba. Aka kai shi birni a kwance a bayan akori-kura, likita ya ɗauki hoto, ya ce wani faifai ne tsakanin ƙasusuwan baya ya zame ya danne jijiya. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a huta, in abin ya ƙi sai wuƙa.

Abokansa na rumfar mai shayi suka zo dubiya, suka cika ɗakin da hayaƙin taba.

"Ustaz, ashe atishawa ta fi ka kiɗa?" in ji Rehma mai shayi, don haka ake kiran gwanin sana'a a wajenmu.

"Uwarka ce ta fi ni kiɗa."

"Allah ya ji ƙanta, ita dai da ƙafarta ta tafi masallaci har ta mutu. Kai kuwa ga magani a bayan katanga, kana ta ba likita abinci."

Sajawal ya lalubi takalmi zai jefe shi, jijiyar ta fizge shi, ya koma ya kwanta yana haki.

Da suka watse Bakto ta zauna a bakin gadon. "Baban Zubaida, mutanen da ba su san shi ba ma daga nesa suke zuwa."

"Na rantse a gaban jama'a."

"Jama'ar rabi sun mutu, rabi ya shure su. Wa ya rage da za ka ji kunya?"

Ya juya fuska bango.

Rani ya shigo, aka yanke alkama, aka shiga bukukuwa. Aka ɗauko wani makaɗi daga ƙauyen gaba, ya bi ta ƙofar gidan Sajawal yana dukan ganga kamar mai kakkaɓe katifa. Sajawal yana kwance yana ji, gangarsa na rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi mata mayafi. Mutumin da ke cin gurasa kamar ana biyansa, yanzu rabin guda ke isarsa. Ƙafar hagun ta soma tsotsewa. Da rarrafe yake zuwa bayan gida, Bakto na kawar da kai don kada ya ga ta gani. Wata rana da hantsi ciwon ya taso masa da gaske, ya ciji matashi, abin ya ƙi, sai ga ƙaton nan mai furfura yana kuka da murya yana kiran uwarsa yadda yara ke kiran uwa a wajenmu. "Amma! Wayyo Amma!"

Katangar ƙasa ba ta riƙe sirri. Da la'asar Naziran matar Mutalli ta leƙo ta samanta, ta ce da Bakto, da ƙarfi yadda na ɗaki zai ji: "Ya ce ƙyaure a buɗe yake bayan asuba. Bai ce komai ba bayan wannan."

Tsakanin ƙofofin biyu bai fi tsallen akuya ba, amma washegari bayan asuba Sajawal ya yi shi kamar mai zuwa Makka a ƙasa, yana bin bango. Ya dafa ƙyauren ƙanensa, ya juya baya, ya runtse ido. Ya ji motsi a tsakar gidan, ja-ja-ja, a hankali, kamar ba tafiyar mutum ɗaya ba. Ya ji numfashi mai nauyi. Sannan ƙafa ta sauka a ƙugunsa, taushi, kuma a naɗe cikin tsumma.

Zuciyarsa ta yi baƙi. A ransa ya ce, wato har ya naɗe ta don kada fatarsa ta taɓa tawa. To ai da gaskiyarsa, ni na faɗa. Ya koma gida bai waiwaya ba.

Ya koma washegari, ya sake komawa. Ko ƙafar ce, ko ƙwayoyin likita ne suka ga dama, ko faifan ne ya gaji ya koma mazauninsa, wannan ku tambayi wanda ya sani. Mu dai mun ga wayar wutar nan ta soma janyewa. Ta bar yatsa ta koma sha-raɓa, ta bar sha-raɓa ta koma cinya. Ya soma zama yana shan shayi, har yana zagin Rehma da cikakkiyar murya.

Kullum in ya dafa ƙyauren nan, sunan ƙanensa sai ya taso masa ya tsaya a maƙogwaro. Kalma ɗaya ce, Mutalli, kuma ya san in ya faɗe ta katangar ta faɗi. Amma sai ya tuna rarrafen nan, ya tuna matashin da ya ciza, ya haɗiye. Bari in warke tukuna. Magana ba ta gudu.

A safiyar ƙarshe ƙafar ba ta shure shi ba. Ta dai sauka a bayansa ta zauna, tana rawa kaɗan-kaɗan, ta daɗe har zakara ya yi cara ya sake. Ya ji mai ita ya ja numfashi kamar zai ce wani abu, ya kuma sake shi ba komai a ciki. Wuyan Sajawal har ya fara juyawa da kansa. Ya tsayar da shi. Ya saki ƙyauren ya tafi gida a miƙe, karo na farko ba tare da dafa bango ba.

Kun san Sajawal, ba ya abu a ɓoye. Ya ce sulhun da aka yi shekaru ana jira ba a yin sa da baki kamar cinikin albasa. Zai sa wa gangar sabuwar fata, ranar Sallah ya tsaya a ƙofar Mutalli ya yi masa kiɗan da bai taɓa yi wa kowa ba, gari duka ya taru, sannan ya kira sunansa. Ya aika wa majemi. Ya ce a nemo fatar akuya baƙa, ba ja ba. Aka kawo, ya ce ta yi kauri.

Bakto ta ce, "Baban Zubaida, ka bar fatar nan ka shiga yau."

"Ke me kika sani a harkar maza?"

Ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba.

Fatar na shanye a rana aka zo da mota ƙofar Mutalli. Sajawal yana rumfar shayi yana ba da labarin yadda ya warke, yana ƙara gishiri. Ko da ya dawo mota ta tafi. A nan Bakto ta faɗa masa abin da gari duka ya sani ban da shi, tunda ya hana a kawo masa sunan. Ciwon suga ya daɗe yana cin Mutalli. Ƙaya ce ta soke shi tun kafin yankan alkama, gyambon ya ƙi warkewa, ƙafar ta yi baƙi har idon sawu. Tuntuni likita ya ce a kawo shi. Mutalli ya ce sai Lala ya gama. Naziran da ɗansu ne ke tallabo shi kowace safiya, su ɗaga masa ƙafar su ɗora. Kuma ya rantsar da matan biyu kada su faɗa, don in Lala ya sani zai waiwaya, maganin ya karye.

"Tsumman fa?" in ji Sajawal.

"Tsumman gyambo ne."

Ya bi su birni a motar farko da ya samu. An riga an yanke ƙafar, kuma Mutalli bai farfaɗo daga yankan ba.

Sajawal ne ya yi wa gawar wanka. Da aka ja likkafani ya ga inda ya kwanta shafal a ƙasan gwiwa, ya tambayi ɗan Mutalli ina ƙafar take. Aka ce an binne ta can bayan asibiti. Ya tsaya yana kallon wajen. Sannan ya sunkuya, bayan nan da aka gyara masa ya lanƙwasu lafiya lau, ya sa baki a kunnen gawar ya ce, "Mutalli." Ya sake faɗa. Waɗanda ke wajen suka fita suka ba shi wuri.

A wajenmu makara karɓa-karɓa ake yi mata, kowa ya sa kafaɗa ya matsa wa na baya. Sajawal ya kama kusurwar gaba ya ƙi saki. Rehma ya matso ya ce, "Ustaz, bayanka fa." Ya ce, "Bayan nasa ne." Haka ya kai shi har bakin kabari, bai ko karkace ba.

Bayan nan har yau garau yake, ko atishawa goma ya jera. Masu ciwo sukan tare shi a hanya su tambaye shi me ya sha, ya wuce kamar bai ji ba. Fatar akuyar ta bushe a kan igiya har hankaki ya gama da ita, ganga kuma tana ƙusarta. Katangar ruwan bara ya ci rabinta, ba wanda ya gyara.

Amma in kuna son ganinsa, ku bi ta layin bayan sallar asuba. Za ku same shi ya dafa ƙyauren nan, ya juya baya, ya runtse ido. Yakan ɗan jima. Naziran dai ta daina sa sakata. 'Yan rumfar shayi, waɗanda ko gawa ba sa bari ta wuce ba su tsokane ta ba, in ya zo wucewa sai kowa ya duƙufa a kan kofinsa. Shi kuma ya tafi gida a miƙe, ba ya waiwaye.