Sunaye Biyu a Tagar Bosta

Idan ana hirar taurin kai a garinmu Hillat Mato, ni ba na bari a yi nisa, sunan Yalwa nake kawowa. Matar yayana Almu ce, Allah ya jiƙansu su duka biyun. Ni Huseina na zauna gida ɗaya da ita ina budurwa, na yi aure na fita, mijina ya rasu na dawo na same ta yadda na bar ta. Har yau in na tuna abin da ta yi mini a gidan bosta, wato gidan waya, sai raina ya sake ɓaci sabo fil.

Iyayenmu da nata daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare musu a yankin Jazira, cikin Larabawa, kafin a kai teku, suka ce bari a yi noman shekara ɗaya a ci gaba. Shekarar nan ɗaya ce muke ciki har yanzu. A nan Yalwa ta girma, a nan ta auri Yaya. Da rani tana tsinkar auduga a hawasha, gonar wani Balarabe da Yaya ke yi wa aiki. Sauran shekara kuma tana zaune a bakin gadar tur'a, babbar hanyar ruwan nan, da ƙwaryar godo-godo, wato fura, da tiren gyaɗa. Kada ku ɗauka mace ce mai sanyin baki. Wa! Na ga ranar da ta wanke wani direban lori da Larabci tas saboda ya sha mata godo-godo ya ce ya yi tsami, har sai da fasinjojinsa suka ba ta haƙuri.

Amma wannan bakin nata mai kaifi, kalmomi biyu ne ba su taɓa fita daga cikinsa ba: sunan mijinta da sunan ɗanta na fari, Abdulmuttalib. Mijin "Malam" take ce masa, ɗan kuwa "wancan". Kowa ya san kunyar miji da ta ɗan fari, mu ma mun yi, to amma ita ta Yalwa ta wuce misali. Akwai wani Almu mai jaki da ke kawo mata gyaɗa, tsawon cinikinsu "mai sunan Malam" take kiransa. Ɗan nata kuma ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Sai dai ta zaɓi dunƙulen godo-godon da ya fi kowane girma, ta turo mini da gefen hannu tana kallon wani wuri, ta ce, "Huseina, ko akwai mai jin yunwa a gidan nan."

A shekarun da ake ginin dam a Rusairis, samarinmu suka watse neman aiki. Abdulmuttalib shi gabas ya yi. Ya haye teku, ya sauke farali, ya zauna a Jidda yana dako. Shi ne na farko a zuriyarmu da ya ƙarasa tafiyar da kakanninsa suka fara. Kafin ya tafi, Yaya ya roƙe shi abu ɗaya tak. Ya ce shi ya san ƙafarsa ba za ta taka Makka ba, to a sayo masa likkafani a wanke da ruwan Zamzam, ko ba komai a kwantar da shi cikin abin da ya je can.

Da damina ta kama, ciwon ƙirji ya kwantar da Yaya. Kullum tambayarsa ɗaya ce, ko an ji labarin yadin. Sai ga mai shagon garinmu ya dawo daga kasuwa da 'yar takardar sanarwa, wai akwai ƙunshi daga Jidda a bosta, da sunan Yalwa. Yaron ya yi hankali, ya san ubansa ba ya iya tafiya, shi ya sa ya sa sunan uwar. Da ya san abin da zai biyo baya, wallahi da sunana ya sa.

Bosta tana garin kasuwa, can inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Wanda bai san baƙar lakar Jazira da damina ba bai san wahala ba. Lori ya kafe da mu a hanya, muka sauka muka tura, muka isa gari kamar waɗanda aka tono daga rami. Muka tarar da afandi, ma'aikacin bostar, a bayan taga mai ƙarafa, siriri, da tabarau, yana ta buga hatimi. Ya duba takardar, ya shiga ciki, ya fito da ƙunshi ɗinke cikin farin ƙyalle ya ajiye a kan tebur. Ga shi nan muna kallonsa, in na zura hannu ta ƙarafan sai in taɓa.

Ya ce wannan musajjal ne, wato mai rajista, ba ya ba kowa sai mai shi. Ya tambayi Yalwa takardar shaida. Ina Yalwa ina takarda? Ya ce ba komai, doka ta ba shi ikon ya tabbatar da mutum ta hanyar tambaya. Ya rufe rubutun da tafin hannunsa, ya ce, "Ya Hajja, ya sunan mijinki, kuma wa ya aiko?"

A duk kalmomin duniya, Hausa da Larabci, mutumin nan ya rasa waɗanda zai nema sai waɗannan biyun.

Yalwa ta ja mayafi ta ce, "Malam."

"Malam wa?"

"Malam na gidanmu."

"To wa ya aiko?"

"Wancan ne."

Na yi caraf na ce, "Almu! Almu ne mijinta, Abdulmuttalib ne ɗanta!" Afandi ya dube ni ta saman tabarau ya ce ba ni ya tambaya ba. Ya ce bara wata ta zo da rakiya irin haka, 'yar rakiyar ta amsa komai, ya miƙa kaya, ashe ba mai shi ba ce. Mai shi ta zo daga baya, bosta ta biya diyya, aka dawo kansa aka yanke a albashinsa. Kaya mara rajista in ya ɓace, ya ce, hukuma ba ruwanta, amma wannan yana wuyansa har sai mai shi ta karɓa ta dangwala yatsa. Ya tambaye ni ko Yalwa ɗaya ce a Hillat Mato. Uku ne, ban iya yi masa ƙarya ba.

Ni dai ba zan zalunci mutumin ba, ya sassauta. Ya ce tunda na riga na fasa, to ta maimaita da bakinta kawai, ya zama shi ya ji daga mai shi. Har ya rage, ya ce ko ɗaya daga cikin biyun ya wadatar. Ku ji fa. Maimaitawa kawai! Na juya na ce da Hausa, "Yaya Yalwa, don girman Allah, mutumin nan bai san ki ba, ba zai sake ganinki ba. Ki faɗa a hankali, ni zan toshe kunnena." Ta ce, "Allah yana ji." Na ce Allah ai ya san sunan tun kafin a raɗa. Ta kafa ido a ƙasa.

Shi kuwa afandi bai san wata kunya ba. Abin da ya gani shi ne mace ta ƙi ta ce wane mijinta ne, sai ya ɗauka tsoron ƙarya take yi. Ya ɗauke ƙunshin ya mayar ciki. Ya ce in ba za ta faɗa ba, mu kawo shehun garinmu, wato mai gari, ya shaide ta da hatiminsa. Ya ƙara da cewa kaya yana da wa'adi, in ya cika ba a karɓa ba, doka ta ba shi ikon mayar da shi inda ya fito.

A lori ban bar ta ta huta ba. Na ce ke da kike zagin direbobi a bainar jama'a, yau kunya ta kama ki a gaban taga? Na ce mijinki na kwance yana jiran likkafaninsa, kin baro shi a kan tebur saboda suna mai gaɓa biyu. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Sai da muka hango rufin garinmu ta ce, "Uwata ba ta faɗa ba har ta mutu, Huseina. Ni ban san yadda ake yi ba."

Shehun garinmu, Alhaji Mato, ya tafi Damazin wajen 'ya'yansa, ruwa ya yanke hanya, babu wanda ya san ranar dawowarsa. Muka aika, shiru. Na koma bosta ni kaɗai, na yi magiya, na yi faɗa, na ce wa afandi likkafani ne a ciki. Ya ce a takarda yadi aka rubuta, kuma ko mene ne, ba sunana ke jiki ba. Na dawo hannu banza da laka har gwiwa. Ranar na rasa wanda zan fi jin haushi, shi ko ita, sai na haɗa su duka.

Yaya ya ji komai, don ni ban iya ɓoye fushi ba. Na zata zai yi mata faɗa. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce in ƙyale ta. Amma daga ranar ya daina tambayar yadin, kuma wannan ya fi damuna. Wata safiya ina ba shi kunu, Yalwa tana bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa, ya ce mini a hankali, "Auta, ki ce wa mai shago ya ajiye mana farin yadi. Na kasuwa ma yana rufe mutum."

Na ji ɓarar gyaɗa ta tsaya. Kafin in fito da kwano, Yalwa ta yafa mayafi ta kama hanyar gada. Na bar wa maƙwabciyarmu Sakina jinyar Yaya, na bi ta ina haki ina tambayar ina za ta. Lori kawai ta tsayar.

Ranar kasuwa ce, bosta cike. Ni na so ta jira a watse, ko don ta samu sauƙi. Ina! Ta ratsa layi har gaban taga. Afandi ya ɗago, ya gane mu, ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi. Muryar da take tallan godo-godo da ita, da ita ta faɗa.

"Mijina Almu. Ɗana Abdulmuttalib. Ba ni kayana."

Ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu. Sauran mutane ba su san an yi wani abu ba, kowa na ta harkarsa. Ni kaɗai na san abin da na ji, kuma ni da na yi ta zaginta a kai, ni ce na fashe da kuka.

Afandi ya kawo ƙunshin, ta dangwala. Sai ya ce saura abu ɗaya, kayan ƙasar waje dole a buɗe a gabansa ya duba. Na ce yau mun shiga uku, wani sabon salo kuma. Ya sa almakashi ya farke ɗinkin, farin yadi ya bayyana a ninke, ƙanshin turare ya tashi. Ya tsaya yana kallo, ya janye hannunsa, ya ce, "La ilaha illallah. Mijin yana da rai?" Na ce da muka fito dai yana da shi. Ya rufe tagar a kan layin mutane, ya fito da kansa ya tare mana lori.

Mun iske Yaya da sauran numfashi, da la'asar. Na ɗora masa yadin a ƙirji, ya shafa, ya kai hanci, ya daɗe yana hamdala. Sannan ya dube ni.

"Ta faɗa?"

"Ta faɗa, Yaya. Duka biyun, kowa na ji."

Ya juya ido wajen Yalwa, tana tsugune a gefen gado. Ya ce, "Tun muna yara nake son in ji yadda yake a bakinki, ashe afandin bosta ne zai riga ni. To ni ma a yi mini, Yalwa."

Na rantse na zata za ta yi. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Kai, Malam." Na kai mata zunguri da gwiwar hannu, na ce ke wace irin mace ce, kin ba baƙo kin hana mai shi? Yaya ya yi murmushi ya ce in bar ta, gobe ma rana ce.

Washegari da hantsi ya cika. Aka yi masa wanka, aka sa shi cikin likkafaninsa na Zamzam yadda ya so. Mu mata muna tsakar gida, maza suka ɗaga makara suka nufi ƙofa. Yalwa ba ta yi kuka ba tun safe, tana zaune jikin bango. Da ƙarshen makarar ya kai bakin ƙofa sai ta miƙe tsaye, ta yaye mayafin daga fuskarta.

"Almu," ta ce.

Masu ɗauka suka ɗan tsaya, kamar ana jiran a amsa, sannan suka fita da shi.