Sunan Uwata a Littafin 'Yata

Ban yi makaranta ba. Doya nake sayarwa a Kasuwar Jalingo tun kafin in haifi 'yata. Wannan ma faɗa nake yi tana rubutawa, na ce kada ta gyara min baki.

Ita ta yi karatu. Da ta gama jami'a ta ce littafi za ta rubuta, ƙagaggen labari. Wai wata yarinya ce a zamani mai zuwa ta ƙera na'urar da ake karawa a jikin dutse, sai a ji muryoyin mutanen da suka taɓa zama a kansa. Da ita take neman kakanninta. Na ce to. Ban ga abinci a ciki ba, amma ba sata ba ce.

Ta dame ni da tambaya. Daga wane dutse muka sauko, me ya sa nake da tsagar gado a fatar cikina, yaya sunan uwata. Biyun farko na amsa. Na ukun na ce ta matsa, tana tare min masu saye.

A wurinmu, wanda bai sami kabari ba, ba a kiran sunansa. In ka kira zai taso ya biyo muryar, kuma ba shi da inda zai koma ya kwanta. Uwata ba ta sami kabari ba. Shekarar da aka ƙone ƙauyenmu ina ƙarama, muna gudu ta faɗi a bakin rafi. Ta cire awarwaronta ta sa min, ta ce in bi mutane. Na bi. Babu wanda ya koma. Ban taɓa gaya wa 'yata ba.

Wata rana da hantsi ta zo rumfata da takardu, tana murna.

"Mama, zauna ki ji babin farko."

"Ina aiki."

"Doyar ba za ta gudu ba."

Ta fara karantawa. Yarinyar labarin ta kara na'urarta a dutse, ta kira kakarta. Sai na ji sunan uwata ya fito daga bakin 'yata. Sau uku, da ƙarfi, a tsakiyar kasuwa.

Doyar da ke hannuna ta faɗi ta karye. Na toshe mata baki.

"Wa ya ba ki?"

"Kawu na garin Mutum Biyu. Mama, kina ji min ciwo."

Tsohon ƙanin uwata ne, hankalinsa ya riga ya fara tafiya. Da yana nan daidai ba zai faɗa ba.

Na rufe rumfa rana tsaka. A Keke Napep ina ta waiwaye har gida. Kwana huɗu ban iya cin abinci ba. In an yi sallama a ƙofa ba na amsawa. A rana ta biyar zazzaɓi ya kama 'yata. Asibiti suka ce na sauro ne. Ni dai na san wadda aka kira, na san kuma bakin da ya kira.

Na zauna a gefenta na gaya mata komai, har rafin.

"Mutum nawa za su karanta littafin nan?" na tambaye ta.

"Da yawa, in Allah ya so. Har Legas."

"Kowa zai kira ta ke nan. Ina za ta bi?"

Ba ta yi min dariya ba. Ta ce za ta cire sunan. Sannan ta ce, "Amma Mama, daga ke sai kawu. In kun tafi, babu wanda zai san an taɓa yin ta."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Ya fi wancan ban tsoro.

Da ta warke na buɗe ƙasan akwatina na ciro awarwaron. Tsofaffinmu, in ba a ga gawa ba, abin jikin mutum suke binnewa. Na daɗe da sanin haka. Komawa wurin ne ban iya ba.

Muka shiga mota, muka hau mashin, muka ƙarasa da ƙafa. Ƙauyen ya zama gonar wasu. Rafin yana nan, ya ƙanƙance. 'Yata ta riƙe ni muka gangara bakinsa. Da fartanya na haƙa ramin da kaina. Na naɗe awarwaron a farin ƙyalle, na rufe, na ɗora dutse.

'Yata tana jira. Na kira sunan sau ɗaya, a hankali, na tsaya ina sauraro. Ruwa ne kawai ke tafiya.

A hanyar dawowa ta ce, "In cire ko in bari?"

Na ce ta bari.

Littafin bai fito ba tukuna. Ranar da zai fito ban san yadda zan yi ba. Har yanzu in tana karanta min ta zo wurin sunan, sai na ga hannuna ya riga ni tashi zai toshe mata baki.